Saƙon Godiya Bayan Zaman Koyon Rubutu da Tsofaffin Mujallu

Assalamu alaikum. Alhamdu lillahi, zaman koyon rubutun ƙagaggen labari da aka shirya wa ɗalibai da matasan ƙauyukanmu na ƙasar Ringim ya kammala lafiya.

Muna miƙa godiya ga Dagaci, Allah ya ja zamaninsa, da ya sa aka yi shela tun ana saura mako guda. Malam Hedimasta ya buɗe mana aji biyu, ya kuma ba da aron allo da alli. Iyayenmu mata sun ciyar da kowa da ɗanwake da kunun tsamiya ba su karɓi ko sisi ba, Allah ya saka da Aljanna. 'Yan'uwanmu mazauna Kano kuma sun aiko da buhun tsofaffin mujallu da jaridu, har da Fim da Aminiya. A ciki an tsinci 'yan kofe na Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939. Waɗannan ba a sa musu almakashi ba, an dai zagaya da su yara sun gani.

Malamai da dama sun nemi a bayyana yadda aka yi don su gwada a makarantunsu, to ga shi.

Kafin ranar, a zauna a tace mujallun. Duk shafin da ke ɗauke da ayar Alƙur'ani ko sunan Allah a ware shi gefe, kada a yanka shi ya ƙare a ƙasa. Mun gode wa Malam Liman da wannan tunatarwa. Sannan a cire hoton duk wanda aka sani, jarumin fim ne ko ɗan siyasa. In ka ba yaro fuskar da ya gane, tsegumin da ya ji a majalisa zai rubuto maka, ba labarinsa ba. Hoton da ya fi haihuwa shi ne na baƙuwar fuska tana cikin wani aiki: tsoho a bakin rijiya, mace a tasha riƙe da ƙullin kaya. A yanke bayanin da ke ƙasan hoton ƙaf, don da zarar yaro ya karanta shi, kwafa kawai zai yi.

A raba yara biyar-biyar, kowane rukuni da almakashi ɗaya, kwali ɗaya da hotuna kamar goma. Ba sai an sayi gam ba. A jiƙa ƙaro a ruwa kaɗan ya kwana, yana kamawa sosai, amma in ya tsinke da yawa takarda na yamutsewa. A tanadi tsakuwa ta danne yankakkun takardu, saboda iskar hunturu ba ta da kara.

Na farko, kowa ya zaɓi hoto, ya amsa tambaya uku a takarda: wane ne wannan, me ya same shi jim kaɗan kafin a ɗauki hoton, me yake so wanda bai samu ba? Tambaya ta uku ita ce ƙashin bayan aikin. Wanda ya tsallake ta, siffanta hoto zai yi: ga hula, ga bishiya, ga akuya, shi ke nan. Shi ya sa aka hana farawa da "A wannan hoton na ga", aka kuma hana rufewa da "ashe mafarki nake". Minti 15 ya isa, shafi ɗaya. In aka ba su awa guda, rabinta a gogewa take tafiya.

Na biyu, a yanko kanun labarai a zuba a ƙwarya, kowa ya ɗauka ba tare da ya leƙa ba, ya rubuta abin da kan zai iya nufi a ƙauyensu. Masu son waƙa kuma su ɗebi kalma takwas su gina baiti biyu mai amsa-amo.

A nan sai malami ya sa ido, domin wasu bugun ba sa sa ƙugiya. Yaro zai kwafo "daki" yana nufin ɗaki, ko "bata" a maimakon ɓata. A gyara nan take a allo. Almajiran da suka zo sun yi nasu da ajami, kuma biyu daga cikin labaran da aka fi tafa wa nasu ne. Kada a hana su.

Ragowar mujallun na ofishin Malam Hedimasta, malamin da ke buƙata ya zo ya ɗiba. Shafukan da aka ware kuwa an miƙa wa Malam Liman. Wanda muka manta da ambatonsa ya yafe mana, Allah ya bar zumunci.