Lambar VI ɗin nan ta cinye wa ɗalibaina maki

Har yau in na tuna takardun gwajin 'yan SS2 na zangon da ya wuce sai raina ya ɓaci. An ce su rubuta fomular sodium tetraoxosulphate(VI). Amsa Na₂SO₄ ce. Amma takarda bayan takarda sai in ga Na₆SO₄, har a ta yaran da nake taƙama da su.

Ba wai ba su iya ba ne. Musayar caji tsakanin ayon biyu (atam ko rukunin atam mai ɗauke da cajin lantarki), wato sauko da lambar cajin kowanne ƙarƙashin ɗayan, kam a hannunsu take: ka ba su iron(III) oxide, kafin ka juya sun rubuta Fe₂O₃. Ai nan ne ma matsalar ta ɓuya. Sun saba lambar Rumawa ita ce cajin ƙarfen, III na nufin 3+, to da suka ga VI sai suka ɗauka cajin SO₄ ne gaba ɗaya, suka sauko da 6 ƙarƙashin Na. Wata yarinya da na tambaya ta ce, "Malam, ai haka muka yi da iron." Kuma da gaskiyarta, tsari ta bi.

Abin da ya sa kenan: VI ɗin na salfa ne, wato S ɗin cikin SO₄, shi kaɗai. Oksijin huɗu, kowanne 2−, ya ba da 8−. Salfa na da 6+. Abin da ya saura 2−, shi ne cajin ayon ɗin, sodiyam (Na) biyu, kowanne 1+, suka ishe shi. Haka trioxocarbonate(IV): 4+ da 6− suka bar 2−, daidai da 2+ na kalsiyam (Ca), shi ya sa ake rubuta CaCO₃. Trioxonitrate(V) kuwa 1− ne kacal duk da V ɗin da ke maƙale da shi. Waɗannan dogayen sunaye su ne yaranmu ke gani a littattafan kemistiri da takardun WAEC da NECO, don haka babu hanyar kauce musu.

Tun daga lokacin na hana kowa musayar lambobi a ajina sai ya fara fitar da cajin ayon a gefen takarda. In ya gama kuma ya tara: cajin ƙari da na ragi dole su tashi sifiri. Da sun yi haka ranar, 6+ da 2− da sun tona asirin Na₆SO₄ nan take. Abin da ke ƙona min rai kenan, tarawar da ba ta kai minti ɗaya ba.

Batun baka biyu ma yana nan, masu rubuta CaNO₃₂ maimakon Ca(NO₃)₂, amma wannan gyara ɗaya ake yi ya wuce. Ta VI ce mai taurin kai, don yaro yana da hujjarsa. A makon jiya na ba su aluminium tetraoxosulphate(VI), wanda ake tace ruwan sha da shi. Mafi yawa sun kawo Al₂(SO₄)₃ da lissafinsa a gefe, alhamdulillahi. Ƙalilan sun sake sauko da 6, su zan zauna da su ranar Asabar.