Bashin da na ji kunyar rubutawa

Wajen shekara 3 kenan da wani aminina ya same ni da daddare, ya ce jarinsa ya karye, yana so in ranta masa wani abu ya farfaɗo, in Allah ya yarda wata 4 zai dawo min da shi. Ko dogon tunani ban yi ba na ɗauki waya na tura masa. Har zuciyata ta ce ku rubuta mana, amma kunya ta hana ni, kar ya ga kamar ban yarda da shi ba, mutumin da ya kwana yana jinyata a asibiti.

Wata 4 ta wuce, shekara ta zagayo. Ya biya sau biyu, ɗaya ta banki ɗaya hannu da hannu, to a wannan na hannun ne muka samu saɓani, abin da na riƙe daban nasa daban. Kuma wallahi da na kalli idonsa ranar na san ba ƙarya yake ba, haka ya tuna, ni ma haka na tuna, ɗayanmu dai ya manta kuma babu mai raba mu.

Abin da ya fi tsorata ni ba kuɗin ba ne, yadda zuciyata ta koma ne. In na ga kiransa sai ƙirjina ya yi nauyi, in ya ɗora hoto da sabuwar riga sai in kama lissafi a raina, har na wayi gari na daina sa sunansa a addu'a ban ma lura ba, mutumin da kullum yana cikin na farko.

Cikin azumi ina bin fassarar Suratul Baƙara na iso aya ta 282, wadda ta fi kowace aya tsawo a Alƙur'ani, kuma kan bashi take magana. A rubuta, a sa lokacin biya, wanda ake bi shi ne zai yi shifta, a kafa shaidu, kuma kar a ƙosa da rubutawa ko kaɗan ne ko mai yawa. Na daɗe a wajen nan. Ni da na ɗauka rubutu na wanda ba ka yarda da shi ba ne, ashe ba don maƙaryata kaɗai aka sa shi ba, masu gaskiya ma suna mantuwa. Na koma aya ta 280 na ga an ce mai ƙunci a saurara masa har ya samu sauƙi, ni kuwa ban taɓa tambayarsa halin da yake ciki ba tun da muka ɓata.

Na kira shi. Na ce, "Mutumina, zo mu zauna, kai za ka faɗa ni in rubuta." Ya yi shiru, can ya ce, "Wallahi kunyarka ce ta hana ni zuwa."

Muka zauna gaban mutum 2. Kan abin da muka yi jayayya na ɗauki lissafinsa, shi ya zaɓi ranakun biya daidai ƙarfinsa, kowa ya sa hannu. Yanzu saura biya ɗaya. Shekaranjiya ya kira don mu gaisa kawai, ƙara ɗaya wayar ta yi na ɗauka.