Tarihin Rayuwata, Kashi na 14: Amanar Kare a Hunturun Winnipeg

A makon jiya na tsaya ne a inda na samu ɗakin haya a ƙasan gidan wata dattijuwar Baturiya a unguwar St. Boniface da ke Winnipeg, babban birnin lardin Manitoba na ƙasar Kanada, bayan na fara karatu a Jami'ar Manitoba. Dattijuwar tana da wani baƙin kare jinsin Labrador wanda marigayi mijinta ya bar mata, ni kuwa Duna nake kiransa, har ya saba yana amsawa.

Ana saura 'yan kwanaki Kirsimeti ta kira ni sama, ta ce 'yarta da ke Vancouver ta matsa mata ta je su yi bikin tare, ga shi karen ya tsufa, ba ta son a sa shi a keji cikin jirgi, ba ta kuma son ta bar shi a hannun waɗanda bai sani ba. Ta ce, "Ɗana, idan ba za ka iya ba ka gaya mini gaskiya, domin na san addininku yana da magana a kan kare." Na ce, "Mama, ki ba ni zuwa gobe."

A inda na tashi, kare na gadi ne ko na farauta, a ƙofar gida yake kwana, ba ya taka ɗaki. Saboda haka a daren na buga wa mahaifina waya. Ya tuna mini cewa a mazhabarmu ta Malikiyya duk abu mai rai tsarkakakke ne, har da yawunsa, kuma wanke ƙwaryar da kare ya sha a ciki sau bakwai bin umarni ne, sannan ya kawo hadisin da ya ce mala'iku ba sa shiga gidan da ke da kare. Ya ce, "Karen ba naka ba ne, amana ce. Ka hana shi ɗakin da kake salla da kwana, amma kada dabba ta wahala a hannunka. Ka tuna mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare." Na ce, "To, Baba." Da safe na karɓi amanar.

Ta bar mini takarda manne a jikin firji, ɗauke da lambar wayar likitan dabbobi da lambar lasisin karen, domin dokar birnin ta wajabta yi wa kare rajista da zarar ya wuce wata shida. A ƙasa ta jera abubuwan da kada ya kusanta, kuma yawancinsu kayan bikin ne da maƙwabta ke aikowa: cakulan, da kek mai zabibi, da inabi, da albasa, da dafaffen ƙashin talotalo wanda kan tsattsage a ciki. Zabibi kaɗan yana iya lalata wa kare ƙoda. Ta ja layi biyu a ƙarƙashin ruwan da ake zuba wa injin mota don kada ya daskare, saboda yana da zaƙi, karnuka suna lasarsa a gareji, kuma guba ne mai kisa.

Hunturun Winnipeg ba abin wasa ba ne. A ƙarshen Disamba rana ba ta fitowa sai bayan ƙarfe 8 na safe, wajen ƙarfe 4:30 na yamma kuma ta faɗi, sanyi kan kai digiri 30 ƙasa da sifiri idan iska ta taso. Duk da haka dole kare ya fita safe da yamma. Jinsinsa daga karnukan masunta na tsibirin Newfoundland ya samo asali, gashinsa kuma hawa biyu ne, don haka jikinsa ba ya jin abin da nake ji. Da ya ga sabuwar dusar ƙanƙara sai ya manta da tsufa, ya cusa hanci ya yi ta birgima. Rauninsa a ƙafa yake. Gishirin da ake watsawa a hanya yana ƙona masa dagi, ƙanƙara kuma tana dunƙulewa tsakanin yatsunsa, idan ya tsaya ya ɗaga ƙafa ɗaya na san lokacin juyawa ya yi. Nakan sa masa 'yan takalman da aka ɗinka masa, in kwashe kashinsa da leda kamar yadda doka ta ce, idan mun dawo in goge masa ƙafafu da ruwan ɗumi kafin ya lashe gishirin.

Abin da ban zata ba shi ne amfanin da wannan wahala za ta yi mini. An rufe jami'a, abokan karatu sun watse, ranar 25 ga wata kusan ko'ina a rufe yake, ta kowace taga kuma kana hango iyali sun taru a teburi. Baƙon da ke zaune shi kaɗai a ɗakin ƙasa a irin waɗannan kwanaki, kewar gida tana iya kwantar da shi kamar zazzaɓi, kuma na san ɗaliban da hakan ta faru da su. Ni kuwa ba ni da damar kwanciya, domin da na idar da sallar asuba zan ji takunsa a saman bene yana jira. Maƙwabtan da a da ba mu wuce ɗaga hannu ba suka fara tsayar da ni saboda sun san karen, har wani dattijo ya koya mini yadda ake kwashe dusar ƙanƙara da shebur ba tare da an ji ciwon baya ba, matarsa kuma ta aiko mini da miya bayan ta tambaye ni abin da ba na ci. Har yau ban yarda da kwana da kare a gado ɗaya ba, amma na daina yi wa tsohuwar da take hira da karenta kallon wadda ta rasa aikin yi, domin na zauna a gidan na ji irin shirun da take fama da shi.

Daren sabuwar shekara aka fara wasan wuta a The Forks, mahaɗar kogin Red da na Assiniboine, wanda ke tsallaken ruwa daga unguwarmu. Duna ya sauko yana kakkarwa, ya yi ta kartar ƙofar ɗakina. Ban buɗe masa ba, kamar yadda muka yi da Baba, sai na hau da shi falo, na ja labule, na kunna rediyo, na zauna a ƙasa kusa da shi har ƙarar ta lafa ya yi barci.

A farkon Janairu dattijuwar ta dawo. Ta duba ƙafafunsa ɗaya bayan ɗaya, ta yi mini godiya da hawaye, sannan ta ce in zauna akwai magana: ta yanke shawarar sayar da gidan ta koma kusa da 'yarta, benen da za ta zauna kuwa ba a yarda da kare a cikinsa ba. Tambayar da ta yi mini bayan haka, da amsar da na ba ta, su za mu ɗora a kai mako mai zuwa in Allah ya kai mu.