Saƙon da na kai Garwa

Jirgin ƙasan dare daga Yawunde ya iso Gaundare da hantsi, a cikinsa saƙon ƙanwata da ke Garwa ya zo. Da ma zan gangara Garwa saro kaya, sai ta kira ni ta ce, "Yaya, don Allah kada ka bari a ɗaure shi a saman mota." Faifan ajiya ne na kwamfuta, bai fi tafin hannu ba, an naɗe shi da soso. Na sa shi a aljihun gaba.

Ita bincike take yi kan sauron da ya daina jin maganin feshi. Sun kamo sauraye a ƙauyukan bakin Binuwai, aka kai su kudu aka karanta ƙwayoyin halittarsu. Sauro ɗaya yana da haruffan DNA sama da miliyan 250, kuma na'ura ba sau ɗaya take karantawa ba, sai ta maimaita kamar sau 30 kafin a yarda da ita. Na ɗan Adam kuwa haruffa biliyan 3 ne, mutum ɗaya kan ci kusan gigabait 100. Bayanan saurayen da ke aljihuna terabait 2 ne, wato gigabait 2,000. Ta lissafa, da intanet ɗin ofishinsu sai an fi wata ana saukewa, in ma wuta ba ta ɗauke ba. Motar haya kuwa wuni ɗaya.

Da muka sauko gangaren dutsen nan mai kwana-kwana, sanyin Adamawa ya tsaya a baya. Mbe, dajin Binuwai, Ngong, duk gumi ne da ƙura. Wajen Ngong hanyar Lagdo ta rabu, madatsar da aka gama a 1982, wadda ke ba arewa lantarki. In ruwanta ya ja baya da rani, sai a shiga rabon wuta unguwa-unguwa, kuma a daidai lokacin ne zafin Garwa ke haura digiri 40. Faifai ba ya son zafi, ba ya son ƙura, ba ya son wuta mai zuwa tana ɗaukewa.

La'asar sakaliya muka haye gadar Binuwai. Ko ruwa ƙanwata ba ta bari na sha ba sai da ta jona faifan. Kwafi uku za ta yi: ɗaya a babbar kwamfutar ɗakin bincike, ɗaya a wani faifan cikin durowa, ɗaya a aika wa abokiyar aikinta a Marwa, saboda gobara ko ɓarawo. Kowane fayil yana da doguwar lambar tantancewa. In ta kwafin ba ta yi daidai da ta asali ba, a sake daga farko.

Abin da ya fi burge ni shi ne wani littafi mai bangon kwali da ya sha hannu, inda aka rubuta lambar kowane sauro, ƙauyen da aka kama shi, rana, da maganin da aka gwada masa. Ta ce in littafin nan ya ɓace, terabait ɗin sun zama shara. In sun gama nazari za su ɗora bayanan a ENA, rumbun bayanan ƙwayoyin halitta da ke Ingila, wanda ke musayar kaya da na Amurka da na Japan, kowa ya ɗauka kyauta. Na tambaye ta ko ba a yi wa Turawa aiki ba ke nan. Ta ce shi ya sa kwafin farko yake zama a Garwa.

Wuta ta ɗauke ana tsakiyar kwafi, batir ya riƙe har mai gadi ya tayar da janareto. Na bar ta tana kallon allo, na tari ɗan acaba zuwa masauki.