Zauren da muka hana a shafa wa siminti

Mai neman tsohon ginin ƙasa a cikin garin Maradi zai sha yawo. Ambaliyar 1945 ta cinye tsohon garin da ke fadama, bakin Gulbi, aka hau da mutane kan tudu, aka yanka musu filaye da miƙaƙƙun tituna. Sauran tsofaffin soraye sai ƙauye, kuma gidan kakanmu da ke wajen Madarumfa yana cikinsu.

Zauren ne abin kallo. Da tubali aka tada shi, mulmulen hannu, bangon ya yi kauri a gindi yana sirancewa har sama. Azarar giginya gara ba ta cin ta, amma ba ta jure dogon zango, in ɗaki ya yi faɗi sai ta lanƙwashe da nauyin ƙasa. Shi ya sa magini ya ɗaura bakan gizo biyu, wato lanƙwasassun ginshiƙai masu tallafe rufi, suka gitta juna, ya kafa wata tsohuwar tasa daidai mahaɗarsu. Tana nan har yau, hayaƙin fitila ya baƙanta ta. A watan Afrilu, lokacin da ɗakin kwano ba ya shiguwa da rana, nan tsofaffi ke shimfiɗa tabarma. Zankwayen sama kuwa biyu sun karye, indararo ɗaya ne ya rage na asali.

Nijar tana da dokar kare kayan tarihi tun 1997, tsohon garin Agadas ma ya shiga jerin wuraren tarihin duniya na UNESCO a 2013. Namu dai Kawu ne ke gadinsa.

Da ɗan'uwana ya dawo daga Libiya da ɗan abin hannunsa, cewa ya yi a shafe zauren da siminti a huta. Kawu ya ce, “Kai yaro, siminti ba ya kama ƙasa. Ruwa zai shige ta bayansa, bango ya jiƙe ba ka sani ba, ran nan ya ɓamɓaro ya taho da rabin ginin.” Ni ina bayan Kawu, don na ga hakan a gidan maƙwabta.

Sai muka tsaya kan yaɓe kafin kowace damina, da makuba, wato ɓawon ɗorawa da ake jiƙawa a shafa don ruwa ya zame. Matsalar ita ce ɗorawar ta yi ƙaranci a yankin, maginin da ya iya ɗaurin baka kuma ya tsufa, yaransa duk sun koma bulo.