Hutunmu ni da maigida a Zanzibar, da yadda teku ta tsara mana kwanakin

Duk wanda zai kai matarsa hutu bakin teku, ko wadda za ta ja mijinta su je, shawarar da zan fara ba su ita ce su nemi jadawalin cikowar ruwa da janyewarsa tun kafin su zaɓi masauki. Hoton otal ba ya nuna wannan, domin mai ɗaukar hoto yakan jira sa'ar da ruwa ya cika. Mu a Unguja muka yi namu hutun, wato babban tsibirin Zanzibar da ke ƙasar Tanzaniya, ni da maigida ba tare da yara ba, kuma kusan duk abin da ya yi mana daɗi a can sai da ya bi ta kan wannan jadawali.

Sau biyu ruwan teku ke cikowa a rana, sau biyu yake ja da baya, tsakaninsu awa shida da 'yan mintoci. Kullum kuma lokacin yana gusawa gaba da kimanin minti 50, saboda wata ne ke jan ruwan, shi kuwa wata kowane dare sai ya ƙara jinkirin fitowa. A kwanakin tsayuwar wata da kwanakin cikarsa ruwan ya fi cika, ya kuma fi janyewa, har bambancin yakan kusan kai mita 4 a gaɓar Zanzibar. Wanda ya saba bin lissafin wata ba zai sha wahalar gane abin ba.

Wannan ne ya raba gaɓar tsibirin gida biyu. A gabas, wajen Paje da Jambiani da Matemwe, ƙasan teku shimfiɗe yake, don haka idan ruwa ya janye sai ya tafi can nesa, ba abin da za ka hango sai farin layi inda igiyar ruwa ke karyewa a kan duwatsun murjani. A arewa kuwa, Nungwi da Kendwa, zurfi na kusa da gaɓa, ana iya shiga ruwa kusan kowane lokaci, kuma nan ne ake kallon faɗuwar rana. Gabas ita ke da fitowarta. Mun raba kwanakinmu tsakanin ɓangarorin biyu, kuma ko yanzu aka ce in sake zaɓa, haka zan yi.

Mutane da yawa idan suka iso gabas suka tarar ruwa ya tafi sai ransu ya ɓaci, su koma wurin wankan otal su kwanta. Ni kuwa wannan sa'a ce ta fi tsaya mini a rai. Mun sa takalman roba muka bi bayan ruwan, muna taka rairayi mai sanyi da laushi. Ko'ina ƙananan kududdufai ne da ruwan ya bari, cikinsu 'yan kifaye, da ƙaguwoyi masu gudu a karkace. Akwai wata halitta mai siffar tauraro, jikinta da jajayen ƙusoshi, kwance a ruwan da bai wuce idon sawu ba. Maigida ya tsuguna ya daɗe yana kallonta. Shekara da shekaru ban ga ya tsaya kallon wani abu haka ba tare da waya a hannu ba. Ba mu ɗaga ta ba, don fitar da ita daga ruwa saboda hoto cutar da ita yake yi.

Can gaba muka iske matan ƙauye a gonakinsu na ciyawar teku. Gona ce sosai: an kafa turaku a jere, an ɗaura igiyoyi tsakaninsu, mace na zaune cikin ruwa tana ɗaura 'yan reshen ciyawar a jikin igiya ɗaya bayan ɗaya. Bayan kamar mako shida ake girbe ta, a shanya ta bushe, a fitar da ita ƙasashen waje inda ake tatsar wani sinadari mai sa kauri da ake zubawa a man goge baki da makamantansa. Wajen 1989 aka fara noman nan don kasuwa, kuma mata ne suka fi riƙe shi. Aikin yini gaba ɗaya sai an gama shi cikin sa'o'in da ruwa ya ba su. Mun yi musu sallama suka amsa da fara'a, ba mu ɗauki hoton kowa ba sai da muka nemi izini.

A tafiyar nan ne muka yi maganganun da a gida kullum ake cewa sai an jima. Ban san dalili ba, amma mutum ya fi iya buɗe cikinsa idan yana tafiya kafaɗa da kafaɗa da abokin zamansa, ba a zaune ana kallon juna ido cikin ido ba. Sai dai a kiyaye abu biyu. Akwai wata halitta baƙa mai dogayen ƙayoyi da ke ɓuya tsakanin duwatsu, idan aka taka ta ƙayar na karyewa cikin ƙafa, shi ya sa takalmi ya zama dole. Sannan idan ruwa ya juyo ba daga gaba kawai yake zuwa ba, yakan fara cika ramuka da hanyoyin da ke bayanka. Da lokacin juyowarsa ya yi, a kama hanyar gaɓa.

Abu na biyu da muka yi shi ne leƙen ƙarƙashin ruwa da gilashin ido da bututun numfashi, a kusa da tsibirin Mnemba da ke arewa maso gabas. Tsibirin kansa ba a sauka a kai sai baƙin masaukin da ke ciki, amma jirage na tsayawa a gefen duwatsun murjanin da suka kewaye shi. Ni ban iya ninƙaya ba. Tun kafin ranar maigida ya kai ni inda ruwa ya tsaya mini a ƙugu, na sa gilashin, na koyi numfashi ta baki har na saba. Duk da haka, da jirgi ya tsaya na leƙa na ga ruwan ya yi shuɗi mai duhu, sai gabana ya faɗi.

Na ce, "Abban yara, anya kuwa? Ka je kai kaɗai, ni zan jira a nan."

Ya ce, "Rigar nan da ke jikinki ba za ta bari ki nutse ba. Ki ba ni hannunki, idan kin matse shi sau biyu mu fito."

Na sauka ta matakala, ƙafata ta nemi ƙasa ta rasa, na damƙe hannunsa da ƙarfi. Da na sa fuskata cikin ruwa sai hayaniyar sama ta yanke, ba na jin komai sai numfashina. Ga kifaye nan a ƙarƙashina, masu ratsin fari da baƙi, da rawaya, da wani kore da shuɗi yana gatsar murjani da bakinsa har ina jin ƙas-ƙas ɗinsa a kunnena. Ba a magana a can, sai nuni da yatsa. Ya nuna mini nasa, in nuna masa nawa. Ban matse hannun sau biyu ba har aka kira mu. A ganina duk ma'auratan da za su je bakin teku su nemi abu guda da ɗayansu ke tsoro, ɗayan kuma ya iya, su yi shi tare cikin haƙuri, ba tilastawa, ba dariya. Yardar da ke fitowa daga nan ta daban ce. A tabbata an sa rigar hana nutsewa, a je da sassafe kafin jirage su taru, kada kuma a taka murjani ko a taɓa shi, domin abu ne mai rai da ke ɗaukar shekaru kafin ya girma. Mace mai son rufe jikinta ta taho da kayan ninƙaya masu dogon hannu da wando, ba wanda zai kalle ta, suna ma kare fata daga ƙunar rana.

A Nungwi har yanzu ana sassaƙa jiragen katako da hannu a bakin gaɓa, za ka ga ƙashin jirgi a tsaye a kan rairayi masassaƙa na aiki a kai. Irin waɗannan jirage masu babban ƙyalle mai kusurwa uku su ne suka yi ɗaruruwan shekaru suna kai da kawo tsakanin nan da Oman da Indiya, suna bin iska biyu: kaskazi mai busowa daga arewa maso gabas daga wajen Disamba zuwa Maris, da kusi mai zuwa daga kudu bayanta. Mun shiga ɗaya da yamma. Kafin mu biya muka tambaya ko za a kashe inji a buɗe ƙyallen, ko kuma za a sa kiɗa mai ƙarfi, don akwai jiragen da ke cika da jama'a da amo, wanda ke son natsuwa ba zai same ta a ciki ba. Da aka kashe injin, matasa biyu suka ja igiya ƙyallen ya kumbura, jirgin ya ɗan karkata, sai ƙarar katako da ta ruwa a gefensa. Zanzibar na kusa da tsakiyar duniya, digiri 6 kacal kudu da layin ikwaita, don haka rana ba ta jan lokaci wajen faɗuwa. Da ta kusanci ruwa, 'yan mintoci ne ta shige, duhu kuma ya biyo baya da sauri. Wanda ya tsaya gyara kyamara zai ɗago ya tarar an gama. Mun yi hoto ɗaya tun da sauran haske, muka ajiye waya.

Cin abincin dare a kan rairayi, wanda masaukai suka fi tallatawa, bai yi mana ba. An shirya tebur da furanni da kyandir, amma iska ta yi ta kashe kyandir ɗin, ma'aikaci na tsaye kusa da mu yana sake kunnawa, masu wucewa suna tsayawa kallo. Mun gode musu don sun yi ƙoƙari, sai dai hira ba ta sakuwa a gaban idon jama'a. Fitowar da muke yi bayan sallar asuba a gabas, gaɓa ba kowa sai masunta suna tura kwale-kwalensu, ta fi shi nesa ba kusa ba, kuma ba a biyan komai.

Kada a ƙare hutu ba a kwana a tsohon garin Zanzibar ba, wanda mutanen wurin ke kira Mji Mkongwe, kuma hukumar UNESCO ta sa shi cikin wuraren tarihi na duniya a 2000. Lungunansa sun yi ƙunci har mota ba ta shiga, ƙofofin gidajen na katako ne da aka sassaƙa da zane, wasu da ƙusoshin tagulla. Mun ajiye taswira muka yi ta yawo, duk mararrabar da muka iso sai ɗaya ya zaɓi hanya, a ta gaba ɗayan ya zaɓa. Garin ƙarami ne, ko ta ina aka bi za a ɓulla bakin teku. Mun ga Beit al-Ajaib, gidan sarautar da Sultan Barghash ya gina a 1883, a rufe, don wani sashensa ya rushe a Disamban 2020. Mun shiga inda aka yi kasuwar bayi, wadda aka rufe a 1873, aka gina coci a filin. Ɗakunan ƙarƙashin ƙasa da aka nuna mana sun sa mun fito ba mai cewa uffan. Ba wurin shaƙatawa ba ne, amma ban yi nadamar zuwa tare da shi ba, don akwai nauyin da ya fi kyau mutum biyu su ɗauka tare. A nan garin da ƙauyuka, galibin jama'a Musulmi ne, ana son sutura mai mutunci, kuma rungume-rungume a titi ba ɗabi'arsu ba ce.

A hanyar gonakin kayan ƙamshi, inda ake nuna wa baƙi itacen kanumfari da kirfa da masoro, akwai wani tsohon gidan wanka a Kidichi. Sultan Sayyid Sa'id, wanda ya dawo da fadarsa daga Maskat ta Oman zuwa Zanzibar, shi ya gina shi a 1850 saboda matarsa 'yar Farisa, bisa tsarin gidajen wankan ƙasarsu, da zanen tsuntsaye da furanni a bango. Gini ne ɗan ƙarami, 'yan mintoci sun isa a zaga shi. Ni dai ya taɓa mini zuciya, mutum ya lura cewa matarsa na kewar gida har ya gina mata wani abu na garinsu.

Abin da muka ƙi yi shi ne bin kifin dolfin a Kizimkazi da ke kudu. Mun ji yadda wasu jirage ke rufa musu baya da gudu, su kewaye su, mutane su yi ta faɗawa ruwa a kansu, alhali dabbobin na hutawa ne ko suna tare da 'ya'yansu. Mun je ƙauyen duk da haka, saboda tsohon masallacin Kizimkazi Dimbani, wanda a jikin mihrabinsa akwai rubutun Kufi, wani tsohon salon rubutun Larabci, mai ɗauke da shekara ta 500 bayan Hijira, wato 1107, yana cikin masallatai mafiya daɗewa a gaɓar gabashin Afirka. Wanda ke son ganin dolfin ɗin, ya tambayi mai jirgi tun a gaɓa ko zai rage gudu ya tsaya daga nesa. Idan ya ce zai kai ku tsakiyarsu ku yi wanka tare, ku nemi wani.