Na dawo daga Siri Lanka

Alhamdulillahi na dawo gida, amma har yanzu cinyoyina ba su yafe wa dutsen Sigiriya ba. Matakala kusan 1,200! Mai niyyar hawa ya yi sammako kafin rana ta take.

Jirgin ƙasan Kandi zuwa Ella ya fi komai burge ni. Tafiyar hawainiya yake, wajen awa bakwai, yana ratsa gonakin shayi cikin hazo, amma ko gyangyaɗi ban yi ba.

Abinci kuwa, ku nemi kottu: gurasa ce ake daddatsawa kan faranti mai zafi da ƙwai da nama. Akwai yaji fa, sai da na share hawaye. A Kolombo na ci, kusa da Jan Masallacin Pettah, inda samun halal ba wuya.